Tudun da Ba Mu Sayar Ba

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba na jin zan manta da shekarar da masu wayar salula suka zo neman tudun gonarmu a Kashin Zama.

Lokacin sabis bai wuce Jega ba. Wani kamfanin ƙasar waje ya aiko mutane suka auna ko'ina, suka ce babu inda ya dace da ƙarfensu sai tudun nan da maigidana ya gada wurin mahaifinsa. Suka kawo takarda, gefe Turanci gefe Hausa, suka ce ya dangwala yatsa kafin Juma'a, in ba haka ba za su wuce Maiyama.

Malam, maigidan nawa, ya shigo yana murna, wai haya ce. Ni kuwa na yi ajin yaƙi da jahilci, ina haɗa baƙi a hankali. Na roƙi ya ba ni in gani. Na bi layi-layi da yatsa, ban ga haya ba, sai na ga "mallaka". Na maimaita sau uku don kada in ɗauki alhakin kowa.

Na ce, "Malam, wagga takarda ba aron tudu take nema ba. Tudun take so."

Ya ce in sun tafi fa? Na tuna masa dillalan albasa suna ta zancen wani kamfanin da ke tahowa ta Aleiru. Na ce, "Kai da ke ajiye albasa a rudu har wata huɗu kana jiran masu saye su yawaita, mi ya sa za ka sayar da ta bana ranar cira?"

Ya yi dariya, ya ce ashe bokon tsufa ma yana cizo.

Juma'a ta wuce bai dangwala ba. 'Yan uwansa suka ce mace ta kore masa arziki. Kafin kaka sai ga na biyun sun iso. Da na farko suka ji, da ƙafarsu suka dawo da sabuwar takarda. Wannan karon haya na karanta, da shekarunta a rubuce, sannan Malam ya dangwala.

Ƙarfen yana nan, muna noma gero kewaye da shi, tudun kuma na 'ya'yana ne. Abin da na koya ke nan: mai saye in shi kaɗai ne, shi ke yanka farashi. In ka yi haƙuri suka zama biyu, kai ke yankawa.