Mama Ladi ta sauya mana tsarin aiki

Muna tsaye a bakin gonar citta a Nok, Mama Ladi ta riƙe wayata nesa da fuskarta tana ƙanƙance ido.

Mu huɗu ne a Kafanchan muke haɗa manhajar da za ta taimaka wa manoma su gane cutar citta kafin ta cinye gona. Ni ke jagorantar aikin. Duk mako biyu muna kai ɗan abin da muka gama, manoma su gwada.

"Mama, yaya kika gani?" na tambaye ta.

"Ɗana, abin ya yi kyau. Amma tabarau ɗina yana cikin Littafi Mai Tsarki, ba na zuwa gona da shi. Ku sa wayar ta yi mini magana mana."

Yakubu, wanda ya sha wahalar tsara rubutun, ya fashe da dariya.

Washegari a taronmu na safe, muka cire rabin takardun ayyukan da ke manne a allo, muka sa murya a sahun gaba. Ba wanda ya yi gardama.

Jiya muka koma. Ta ɗauki hoton wani ganye, wayar ta ce mata da Hausa ya kamu, ta tuge shi. Nan take ta ƙwala wa maƙwabtanta kira su zo su ji.

Da mun ɓoye aikin nan wata shida, da mun yi wa kanmu ne kawai. Ku fa, wa ya taɓa gyara muku aiki da magana ɗaya?