Na cusa tarihin kakarta a cikin takalma

Lokacin da abin ya faru, shekarata biyu a Dubai, ina jinyar wata tsohuwa Baturiya a gidan ɗanta. Ni kuwa a lokacin idona a buɗe yake, ran hutuna sai kasuwar Naif, in sayi takalma da jakunkuna in aika wa yayata Kaduna ta sayar. Ina ganin kaina mai dabara, ko tsinke ba ya wuce ni a banza.

Madam, wato tsohuwar, ta fara rikicewa, wani lokaci ko ɗanta ba ta ganewa. Abu ɗaya ke dawo da ita: wasiƙun kakar kakarta, wata ungozoma da ta bi mutanen farko da Ingila ta kai wani tsibiri can ƙarshen duniya, inda babu komai sai iska da tumaki. Kullum da yamma nakan karanta mata. Akwai gwamnan da yake sa a yi masa fareti da sojoji shida kacal, da likitan da ya fi marasa lafiyarsa shan giya, da mai gasa burodi wadda ko gwamna sai ya lallaɓa ta. Madam takan yi dariya har da hawaye, ta riƙa gyara mini sunaye. Ni dai bakina ke karatu, hankalina na kan kayana.

Da za mu sauya gida, aka tara kwalayen zubarwa a bakin ƙofa. A kago, shagon da nake aika kaya, ana cusa takarda cikin takalmi don kada ya lanƙwashe, kuma ranar ce za a rufe kwantena. Mai kago yana ta bugo waya yana cewa yalla, yalla, wato in yi sauri. Na suri kwalin takardu ɗaya ban duba ba na kai can, muka cukuikuye da yaran shago muka cusa. Wayyo ni! Ashe masu kwasar kaya ne suka ajiye kwalin wasiƙun a wurin. Sai da Madam ta sa tabarau ta miƙo hannu da yamma na gane abin da na yi. Na koma da gudu ina kuka, mai kagon ya ce khalas, wato an gama, kaya sun shiga jirgin ruwa.

Wata biyu ina roƙon yayata ta waya kada ta yar da ko ƙyalle. Ranar da kayan suka iso tana asibiti da ɗanta, maƙwabta suka buɗe, mai ƙosai ta kwashe takardun. Shafi ɗaya tak aka samo aka aiko mini, duk ya sha mai. A ciki ungozomar na cewa garin burodi ya ƙare, yara na kuka, kowa ya hau dutse yana duban jirgin da zai kawo abinci. Nan ya tsaya.

Na faɗa wa ɗan Madam gaskiya. Bai kore ni ba, ya dai zauna ya rufe fuska, kuma wallahi da duka ya yi mini da ya fi sauƙi.

'Yan'uwa masu aiki a gidajen mutane, ku tambaya kafin ku ɗauki ko tsumma, kuma in tsoho na ba ku labari ku saurara. Har Madam ta rasu, kullum sai na karanta mata shafin nan, kullum sai ta riƙe hannuna ta tambaye ni ko jirgin ya zo. Na taɓa karanta amsar da bakina, amma ban riƙe ba.