Suna na Shida a Takardar Gwiwa

Mijina Kalilu ba likita ba ne. Amma je ka Doma ko Keana ka tambayi tsofaffin da aka sa wa gwiwar ƙarfe waye likitansu, sunansa za ka ji. Ni ce Ummi matarsa, shekara ashirin da huɗu muna tare. Ni zan ba da labarinsa, don shi ba zai bayar ba, kuma don ina da hannu dumu-dumu a cikin abin da ya faru.

Kakansa maƙeri ne da ya taso daga Kano ya zauna a Lafiya. Ubansa kayan keke yake sayarwa a kasuwa, a gaban rumfar Kalilu ya girma, kunnensa ya kwashe harsunan masu ciniki. Yana jin Alago, yana jin Eggon, Tibi kuwa har tsokana yake yi da shi. Boko dai daga sakandare ya tsaya. Da wannan bakin ya samu aiki a ɗakin kati na wani asibiti nan cikin gari, wanda ba zan kira sunansa ba. Rana ɗaya aka ɗauke su da Terver, wani ɗan Tibi dogo mai dariya da dukan jikinsa. Benci ɗaya suka zauna, kwano ɗaya suka ci. Matarsa Vera ta zama ƙawata. Ita ta koya mini sakwara, ni na koya mata miyar kuka, har yau ba ta iya ba.

Sai aka kawo Dokta Mahir, likitan ƙashi. Sau biyu a shekara yakan gayyato abokan aikinsa daga nesa, su cire wa tsofaffi gwiwar da ta cinye su sa ta ƙarfe. Matsalar ita ce da zarar an sallami mutum ya koma ƙauye, shi ke nan, ba a sake jin ɗuriyarsa. Dokta yana so ya san yadda suke ƙarewa, ya rubuta ya buga a mujallar likitoci. Ya ba Kalilu wani fom da aka tsara a ƙasar waje, ya ce ya bi su gida-gida.

Ranar Kalilu ya dawo yana dariya har da riƙe ciki.

"Ummi, ji tambayoyi. Wai kina iya hawa bene? Kina iya sa safa? Iya Zuwairatu zan tambaya wannan?"

Iya Zuwairatu tsohuwa ce mai dafa gishiri a Keana, ita ce ta farko da aka yi wa aikin. Ba bene a unguwarsu, safa kuwa ban jin ta taɓa sawa. Kalilu ya juya bayan fom ɗin ya rubuta nasa tambayoyin. Kana iya zaman tahiya? Kina iya durƙusawa a coci? Tsuguno a bayan gida fa? Sunkuyawa kan kunyar doya fa? Dokta ya gani ya ce wannan shi ne binciken ma gaba ɗaya.

Amma gwanintar Kalilu ba a tambaya take ba. Ya san mutanenmu. Ka gaishe da marar lafiya, ko ciwo na cin ransa, da sauƙi zai ce maka, balle kai ɗan asibitin da ya yi masa alheri. Don haka sai ya daidaita isarsa gab da azahar, ya zauna ana hira, a kira salla, ya saci kallon yadda tsoho zai sauka ƙasa da yadda zai tashi. In Kirista ne, sai ya yar da makullin babur kamar da kuskure ya ga ko za a iya sunkuyawa a miƙo masa. Kafin ya tafi ya nemi izini ya ɗora bayan hannu a kan gwiwar, ya ji ko akwai zafi. Shekara uku yana haka, mutum hamsin da takwas, damina da rani. Duk zuwansa Keana, Iya Zuwairatu sai ta ɗaure masa ƙullin gishiri a bayan babur ta ce a kai wa Ummi.

Terver kuma, da yake ya yi difloma a kwamfuta, shi ke zama a ofis ƙarƙashin fanka yana shigar da abin da Kalilu ya kawo.

Takarda ta fito da sunaye shida a samanta. Dokta Mahir, shugaban sashe, wani farfesa da bai taɓa shan ruwan Lafiya ba, likitoci biyu, na shida Terver. Sunan Kalilu yana can ƙarshe, a layin godiya, da ƙananan haruffan da sai da na nemo gilashin ɗinkina na gan su. Dokta ya kira shi ya yi masa bayani, wai mujallar mutum shida kawai take karɓa, kuma ƙa'ida sai wanda ya sa hannu a lissafi da rubutu. Kalilu ya ce ba komai. Ni da na san shi na san irin wannan ba komai ɗin.

Daga nan ya tsiri wata ɗabi'a. Duk tsohuwar takardar binciken gwiwa da Dokta ya gama da ita, sai ya kwaso gida. Ba ya karanta cikinta, saman kawai yake duba. Bayan la'asar ya baza su a tabarma yana bin sunaye da yatsa.

"Dubi wannan, ta shekarar da aka haife ni, mutum biyu. Wannan ta bara, mutum goma sha ɗaya. Da duk Turawa ne, yanzu ga 'yan Indiya, ga 'yan Sin, ga namu. Mata ma sun shigo, kin ga har biyu a nan. Kowa an matsa an ba shi wuri ya zauna."

Bai ƙarasa ba, ni ma ban ce ya ƙarasa ba.

Nawa ciwon kuwa a gidan Vera na kamu da shi. Na je yi mata barka da fitowar takardar, na tarar ta sa shafin farko a firem mai ruwan zinariya, ta rataye tsakanin hoton aurensu da kalandar coci. Ta ja hannuna har gaban bangon.

"Maman Ilham, duba sunan oga na! Har Amerika sef suna karanta shi. Ai aikin su biyu ne da Baban Ilham, Allah ya yi."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, na sani. Na ce ma sha Allah, na ci sakwararta, amma kamar ƙasa nake haɗiya. Hassada ce, ba zan sa mata wani suna ba. A keke napep ina dawowa ina ta lissafa sau nawa na wanke laka daga wandon mijina, sau nawa na gasa masa baya da ruwan zafi, ga shi wata ce ke da abin ratayewa a bango. Na daina zuwa gidanta. In mun haɗu a kasuwa, sai in ce sauri nake.

Bayan shekara biyu Dokta ya ce lokaci ya yi da za a sake zagaya mutanen, a ga yadda gwiwoyin suka kai shekara biyar. Wata safiya na fito na ga Kalilu yana goge babur. Duk ɓacin ransa, ƙafarsa na ƙaiƙayin hanya.

Na tsaya a kansa na ce, "Malam, ina zuwa?"

"Keana zan fara."

"Don a sake gode maka a gindin takarda? Masu suna ba su da ƙafa ne? Su je mana."

Ya ajiye tsumman da yake gogewa da shi. Sannan ya tura babur ya mayar cikin zaure. Ya ce wa Dokta bayansa ya motsa, ba zai iya doguwar tafiya ba. Ni na ba shi wannan ƙaryar, har na sayo masa man zafi don warin ya bi shi ofis.

Terver bai san hanyoyin ba, bai jin Alago, sai aka ce ya kira su ta waya. Benci ɗaya suke, Kalilu na jin komai. Terver ya gaisa, ya ce yaya ƙafa, a ce da sauƙi, ya rubuta. Sau ɗaya ya juyo ya ce, "Ɗan'uwa, wannan mutane duk ya ce da sauƙi, haka ne kuwa?" Kalilu ya ce tunda sun faɗa ai haka ne. Da ya dawo gida ya ba ni labari, ya ce, "Hamsin da takwas, duk garau. Su buga." Muka yi dariya ni da shi. Daɗin dariyar nan na ji har cikin raina.

Wata biyu bayan haka aka kawo Iya Zuwairatu kwance a bayan motar haya. Gwiwar ta kumbura ta yi kamar tulu, tana fitar da ruwa. Surukarta ta ce tun kafin a kira wayar take zafi, sun yi sun yi ta taho asibiti ta ƙi. Wai ta ji za a sake zagayowa, Kalilu zai zo ya taɓa ya gani, ba sai ta ɗaga wa likitoci hankali ba. Dokta ya ce da an gani da wuri, mai yiwuwa wanki da magani su isa. Yanzu ƙwayar cuta ta kama ƙashi. Aka cire ƙarfen, daga baya aka haɗe ƙafar a miƙe. Ba za ta sake lanƙwasuwa ba.

Na bi Kalilu dubiya, ina riƙe da kwanon kunu kamar mai gaskiya. Tana ganinsa ta washe baki.

"Ɗana, ka zo. Na ce musu za ka zo. Ashe baya ne ya kwantar da kai, sai jiya yaron nan Terver ke faɗa mini. Yaya bayan?"

Kalilu ya sunkuyar da kai. 

"Da sauƙi, Iya."

"Ka riƙa gasawa. Ummi, ki kula mini da shi."

Na ce to. Ban san yadda na fito daga ɗakin ba.

Washegari ya hau babur. Cikin sati shida ya zagaye sauran duka, ya samo uku da ke ɓoye ciwo, aka kama nasu da wuri. Ya kuma je ya gaya wa Dokta da Terver gaskiya, cewa bayansa lafiya lau yake. Bai ambaci sunana ba. Terver ya yi kwana biyu bai yi masa magana ba, a na uku ya turo masa kwanon abinci kamar yadda suka saba.

Dokta ya fasa waccan takardar ya rubuta wata, a kan dalilin da ya sa bibiya ta waya ba ta wadatar a wurinmu. Misalin da ya kafa hujja da shi wata tsohuwa ce mai shekara sittin da tara, ba a faɗi sunanta ba. Terver ya kafe sai an zaunar da Kalilu an rubuta sashen tambayoyin da shi, ya ce in wuri ya ƙare a cire nasa. A bana ta fito. Sunan mijina ne na biyu, da manyan haruffa, ba sai da gilashi ba.

Vera ce ta kawo mana ita har gida, tare da firem sabo fil irin nata, mai ruwan zinariya. Ta zagaya ɗakin tana nema mini inda ya fi haske a bango. Na karɓa na yi godiya.

Takardar tana ƙasan akwatina, ƙarƙashin zannuwa. Firem ɗin yana bayan kwaba da ledarsa. Kalilu kuwa duk farkon wata yana Keana. Ya ce a kan kujera Iya take salla yanzu, ƙafar a miƙe gabanta, gishirin ma surukarta ce ke dafawa. Amma har yau sai ta sa an ɗaure ƙulli a bayan babur, ta ce a kai wa Ummi.