Dajin da Ya Tsiro a Bayan Rumbun Nababa

Duk wanda ya san Nababa magini ya san hannunsa ba ya zama. Ko a majalisa yake za ka ga yana murza laka, kafin a gama hira ya fitar da saniya ko jaki ya miƙa wa na kusa da shi. A ƙauyensu da ke gefen Zakirai, rabin sorayen da ke tsaye shi ya yi musu yaɓe. Da bulo da siminti suka shigo, sai ya koma gona gaba ɗaya, amma hannun bai daina ƙaiƙayi ba.

Mahaifiyarsa, Inna Hure, ita ce gwanar tatsuniya a unguwar. Tana da wata da Nababa ya girma yana tsoronta, ta yarinyar da ta bi akuyarta har daji ya rufe a bayanta, ta faɗa gidan dodo. Rannan ta ɗauko wa jikokinta ita. Tana kaiwa wajen da daji ya rufe, Sauda, babbar 'yar Nababa, ta tuntsire da dariya.

"Inna, wane daji kuma? Daga nan har Minjibir gonar wani ce ke bin ta wani. In ta ɓata ai sai ta tambayi mai noma."

Abin haushin, gaskiya ta faɗa. Tsohuwa ta ja bakinta ta tsuke, ta ce ita da tatsuniya har abada. Hure kuwa in ta ce ta bari, ta bari. Da yamma sai dai ta zauna ita kaɗai tana jan carbi, yara na can kan waya. Wannan zaman shirun ya tsaya wa Nababa a rai ƙwarai.

A shagon Kamaruddeen mai cajin waya ya ga wani fim na 'yan tsana suna tafiya kamar mutane. Ya tambayi yadda ake yi. Kamaruddeen ya ce hoto ake ɗauka, a matsar da ɗan tsana kaɗan, a sake ɗauka, in aka jera hotunan sai ka ga yana motsi.

"Shi ke nan?" in ji Nababa. "Ashe aikin magina ne."

Ya share bayan rumbu, ya gina ƙauye ɗan mitsitsi. Ya ƙera yarinya da akuyarta, ya sa musu waya a ciki don su lanƙwasu. Dodo kuwa ya yi masa haƙora da ƙayar aduwa. Ya kafa tsohuwar taɓarya ya ɗaure wayarsa a jiki. Kullum da sassafe, kafin ya tafi gona, sai ya yayyafa ruwa don kada laka ta tsage, ya ɗauki hotunan da ya samu, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu. Dajin ne kawai bai san yadda zai yi ba, ya ce sai ya kai wurin.

Labari ya zaga gari. Aka sa masa suna Darakta. A masallaci, a kasuwa, tambayar ɗaya ce: yaushe dodon zai fito?

Ashe ƙasar da ya ɗebo daga gindin rumbu cike take da tsabar gero. Ga ruwa kullum, me kuma take jira? Tsiro ya fito a tsakiyar ƙauyen nasa. Kamaruddeen ya zo ya gani, ya ce a tuge shi maza, zai ɓata aiki. Nababa ya tsuguna, ya miƙa hannu, ya kasa. Mutumin da kowace shekara yake kwana da fargabar ko shuka za ta fito, shi ne zai tuge gero? Ya bar shi, ya ci gaba da ɗauka da baƙin ciki, yana ganin ya yi asarar wahalarsa. Kafin ya kai ƙarshen labari kuma, akuyar gidan ta tsinke igiya, ta lamushe geron tas, ta take dodo ya zama fanke.

Ya so ya fasa, amma gari ya riga ya sa rai. Kamaruddeen ya haɗa abin da ke akwai, ya kawo talabijin ɗin shagonsa zauren Nababa bayan la'asar, aka toshe ƙofa da tabarma. Hure ma an lallabo ta, ta zauna a gefe tana ɗaure fuska.

Yarinyar laka ta fito tana bin akuyarta. Aka yi dariya. Sai ƙasa ta fara tsagewa a bayanta. Wasu korayen abubuwa suka leƙo, suna karkarwa, suna miƙewa, suka wuce gwiwarta, suka wuce kanta, suka haɗiye ƙauyen duka. Geron da ya yi makonni yana girma, ga shi yana tashi cikin ƙiftawar ido. Dariya ta ɗauke ɗif. Nababa kansa sai da ya ja da baya. Yarinya ta isa wata ƙofa, ƙofar ta buɗe a hankali, wani baƙin hannu ya fito. Allo ya yi duhu.

Zaure ya kaure da ihu. "Baba, sai me ya faru?"

"Akuya ta cinye sauran," in ji Nababa. "Ni ma a bakin mai tatsuniyar na ji." Ya nuna mahaifiyarsa da haɓa.

Duka suka juya. Hure ta gyara mayafi. Ta ce a ba ta ruwa, ta sha a tsanake, ta bar su suna tsuma.

"Ke Sauda, ba kin ce a tambayi mai noma ba?"

"Inna, don Allah ki yi haƙuri."

"To matso nan. Ku ma yara, ku ajiye wayar."

Daɗi ya cika Nababa har ya rasa inda zai sa kansa. Ya zauna a bakin ƙofa da furfurarsa. Tsohuwa ta sauke murya ta koma ta dodo, shi kuwa bai san lokacin da ya janye ƙafafunsa daga duhun lungu ba.