Gwabar da Mijina Ya Dasa

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni tela ce a Dutse Alhaji da ke Abuja, mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya uku. Mutane suna cewa ina da haƙuri, ni kuwa na san ba haƙuri ba ne. Ban iya faɗa da baki ba ne kawai. Idan aka ɓata mini rai shiru nake yi in ajiye abin a cikina, kuma abin da na ajiye ba ya ruɓewa.

Gidan haya muke zaune, ɗakuna a jere, da ɗan fili tsakanin ƙofar gida da titi, magudanar ruwa ta ratsa ta cikinsa. A filin nan mijina ya dasa gwaba shekarar da muka tare, tsohon da ke da gidan ne da kansa ya nuna masa wurin. Mijina direba ne a wata ma'aikata, bai tara komai ba, amma idan ya dawo da yamma sai ya rataye rediyonsa a wata ƙusa da ya buga a reshe, ya miƙe ƙafa a benci kamar shi ya gina Abuja. Ni kuma in fito da kayan da zan yi wa kalmasa. Maƙwabciyarmu ta ɗakin gaba, wata dattijuwa 'yar Filato da duk gidan ke kira Mama, ta fito da tiren agushinta tana ɓarewa, tana tsokanarsa wai oga ya fi son rediyo da matarsa. Yara su hau sama su ci ɗanya, cikinsu ya murɗa, gobe su sake hawa. Ranar Lahadi Mama ta dawo daga coci ta tarar na ajiye mata nunannu a kwano, ranar sallah ta zauna ta yanka mini albasa tana hawaye tana dariya. Iyakar jin daɗinmu ke nan, kuma wallahi ya ishe mu.

Da mijina ya rasu, bayan na fita takaba, wurin nan ne ya riƙe ni. Rediyon ya lalace amma ƙusar tana nan. Da safe idan ina share ganye nakan taɓa ta da yatsa in yi masa addu'a, sai in ji zan iya fuskantar ranar.

Sai tsohon mai gidan ma ya rasu, gidan ya koma hannun ɗansa, wani mai yawo da makullin mota a yatsa ko da ƙafa ya zo. Na tafi biki Zariya na yi 'yan kwanaki. Ranar da na dawo, tun daga bakin titi na ga gidanmu ya yi wani irin haske, kamar kan da aka aske. Babu gwaba, sai kututture da garin katako, da bulo an jibge a gefe. Yarana suka ce da inji aka zo, kuma itacen cike yake da 'ya'ya, har aka rinƙa tattaka su. Na bi sawu har wurin mai tsire na bakin layi, wanda aka sayar wa itacen. Na tona tulin da hannuna sai da na samo reshen, na ari filaya na zare ƙusar.

Da na sami ɗan mai gidan, cikin ladabi na tambaye shi me ya sa bai jira na dawo ba. Bai ko ɗago kai daga wayarsa ba. Ya ce shaguna zai gina, wai madam itace ne fa kawai, in gwaba nake so akwai ta a kasuwa. Da na ce marigayi ne ya dasa, sai ya yi dariya ya ce ai marigayin bai tafi da filin ba. Dariyar nan ita ce ta gama da shi a wurina. Na ce masa na gode, na koma ɗaki.

Cikin matan da nake yi wa ɗinki akwai wata da ke aiki a ofishin masu kula da gine-gine. Da ta zo awo na yi mata tambaya kamar ta hira, ko ana barin mutum ya yi gini a kan magudanar ruwa dab da titi. Ta ce ko kusa, wanda ya yi haka rusau ne rabonsa, in ina da ƙorafi ta nuna mini inda ake kaiwa. Na ce ba yanzu ba. Da na kai ƙara tun ana haƙa tushe, da hana shi kawai za a yi, ya yi asarar 'yan bulo. Ni ba haka nake so ba. So nake ya gama, ya saka rai, ya tsaya yana kallon abinsa yana jin daɗi, sannan a zo da inji.

Haka na zauna watanni ina kallon gini yana tashi. Na daina zama a waje, na daina shiga ɗakin kowa. Mama takan leƙo ta ce in fito mu sha iska, in ce aiki ya yi mini yawa. Aka yi rufi, aka sa ƙofofin ƙarfe, aka shafa fenti mai ruwan ƙwai. Har barka na yi masa. Washegari na sa hijabina, na karɓi kwatance wurin matar nan, na je na kai ƙara.

Ranar da aka zo aka zana jan fenti, alamar rusau, a jikin shagunan, ba zan ɓoye miki ba Edita, shinkafa da kaza na dafa. Na ga mutumin nan yana zarya, gumi ya jiƙa masa riga, yana oga oga a waya, makullin ma ya daina juya shi. Na tsaya a bayan labule ina kallo, raina fes.

Katafila ta zo da hantsi, Mama tana kasuwa. Abin da ban lissafa ba shi ne, da suka ja awonsu daga titi, bai tsaya a shagunan ba, ya haɗa da ɗakin gaba, ɗakin Mama. Suka ba mu ɗan lokaci mu fitar da kaya. Muka janyo katifa, tukwane da buhun agushi muka watsa a tsakar gida. Kafin azahar shaguna da ɗakin duk sun zama tulin ƙasa. Ɗan mai gidan ya zauna a kan kututturen gwabar, wanda aka tumɓuke aka yar a gefe tun ana haƙa tushe, ya dafe kai. Na kalle shi da kyau, don ina son in riƙe hoton, kuma har yau ina riƙe da shi.

Mama ta dawo da la'asar. Ba ta yi kuka a kan ɗakin ba. Ta wuce kayanta ta hau kan tulin tana ɗaga bulo da hannu a daidai lungun bayan ɗakinta. Na bi ta na riƙe ta, na ce duk kayanta mun fitar. Sai ta ce akwai wani bokitin fenti. Ashe ranar da aka sare itacen ta tsince 'ya'yan da aka tattaka, ta wanke ƙwayoyin ta shuka a cikin bokitin. Yawancinsu suka mutu, guda ɗaya ta kama, har ta kai tsawon hannu. Ta ce mini, da irin Hausarta, "Maman yara, na ɓoye maka ne sai ya yi ƙarfi. Ina jira ruwa ya sauka in kawo maka gwaban oga." Mun samo bokitin a lanƙwashe, babu abin da za a ɗauka a ciki.

Bayan mako guda ta koma ƙauyen Paikon Kore wurin ɗanta manomi. Ta tafi tana sa mini albarka don na fitar mata da katifa, kuma har yau ba ta san ƙafar wa ta je ofishin nan ba.

Ba zan yi ƙaryar cewa na yafe wa mutumin nan ba. Idan na tuna shi a kan kututturen nan, har yanzu wani sanyi nake ji. Amma shi itace ya sare, sauran duk ni na rushe. Na yi watanni ina ƙirga bulonsa, alhali a bayan bango ɗaya wata tana shayar da abin da nake kuka a kansa, tana kirana in fito ina cewa aiki ya yi yawa. 'Yan'uwana masu irin zuciyata, masu shiru su ajiye, kafin ku kira abin da ya fi ƙarfinku a kan wanda ya cuce ku, ku duba wa ke kwana a jikin bangonsa. Kuma idan mai ƙaunarku ya ce ku fito ku sha iska, ku fito. Ƙusar tana cikin aljihun keken ɗinkina, kullum ina ganinta idan zan ɗauki zare, ba ni da inda zan buga ta.