Mutumin da Ya Ba Titi Ajiyar Karatunsa

Isma'ila ɗan unguwar Yakité ba mai kaifin ƙwaƙwalwa ba ne, shi ma bai taɓa musun haka ba. Abin da ya karanta da safe, kafin la'asar ya bi iska. Yana tsaron wani ɗan shagon magani, amma ransa na kan makarantar koyon aikin jinya, wadda jarrabawar shigarta ta sha kayar da shi. Wannan shekarar ce damarsa ta ƙarshe, don baɗi shekarunsa sun wuce ƙa'ida.

Da ya ga kan ya ƙi riƙewa, sai ya rarraba wa titin Koudoukou ajiya. Ƙasusuwan jiki ya rataye su a rumfar Ango mahauci. Jijiyoyi ya damƙa wa Sabi'u mai gyaran rediyo, tunda dama wayoyi ne sana'arsa. Zagayawar jini kuwa ta zauna a kaskon Kubura, 'yar Maraɗi mai tuyar ƙosai. Kullum in zai tafi aiki sai ya bar littafi a gida, ya tsaya gaban kowannensu yana motsa baki, yana karɓo ajiyarsa da ka. Inda ya kakare yau, nan zai fi daɗewa gobe.

Mutane suka ce boko ya taɓa shi. Kubura ce kaɗai ke tanka masa, tana kiransa Lokotoro, wato likita.

"Lokotoro, yau me ka bar mini a kasko?"

"Zuciya ce, Yaya Kubura."

"To ɗauke abarka kafin ta ƙone."

Sau da yawa hirarsa ta yini ke nan, don tun rasuwar mahaifiyarsa ba wanda ke jiran dawowarsa gida.

Ana nan sai sojoji suka yi bore. Harbi ya ƙi ƙarewa, aka ɗage jarrabawa ba a sa rana ba. Da abin ya lafa Isma'ila ya fito, ya tarar an wasashe shagon Sabi'u har ƙyaure. Ango ya kwashe iyalinsa ya yi arewa. A wurin Kubura ba abin da ya rage sai duwatsun murhu. Wasu suka ce ta bi motar Kamaru, wasu da ya tambaya suka kau da kai.

Isma'ila ya ɗauka karatun ya tafi tare da masu ajiyar. Duk da haka bai fasa ba. Kowace safiya yakan tsaya gaban kango ya yi bitarsa. Yanzu ko mai kiransa taɓaɓɓe babu, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Kafin shekara ta fita aka sake sa rana. Ranar jarrabawa ya dubi takarda, ya ji kansa fayau. Sai ya runtse ido, ya hau titin da ke cikin kansa. Ga Ango yana sarar ƙashi, ga rediyon Sabi'u yana shaƙewa, ga Kubura tana juya ƙosai tana tsokanarsa. Kowa ya miƙo masa ajiyarsa cif, ya yi ta rubutu.

Ya ci jarrabawar, ya yi aikin jinya har ya yi furfura. Amma waɗanda suka zauna kusa da shi ran nan sun ce ya gama tun da wuri, ya sake rufe ido ya ƙi tashi. Mai tsaron jarrabawa ya zo ya taɓa kafaɗarsa, ya ce ya miƙa takarda ya tafi.

"Malam, a ɗan ƙara mini lokaci," in ji Isma'ila. "Ban gama sallama da mutanena ba."