Ranar da Na Hana Ɗan Filifin Cin Tuwo

Kamfani ɗaya muke aiki da shi, gyaran na'urar sanyaya ɗaki, kuma gadona yana ƙarƙashin nasa a wani ɗaki da muke haya a unguwar Karama, can ƙasar waje inda muke ci-rani. Ɗan Filifin ne, gajere, mai fara'a, duk abin da ke cikinsa yana kan fuskarsa. In ya ji daɗi waƙa, in ya ji haushi waƙa. Ni kuwa ɗan Malumfashi ne, na tashi a gidan da uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, don haka tun farko na ɗauke shi a matsayin mutumin kirki wanda Allah bai ba kunya ba.

A cocinmu ya ga wata yarinya. 'Yar garinmu ce, ma'aikaciyar jinya, Yaya take ce mini. Suka daidaita, ban tsoma baki ba. Sai wata Lahadi ya ja ta wani katafaren kanti, a tsakiyar jama'a ya zube a gwiwa ɗaya, ya ciro zobe. Mutane suka kewaye su da wayoyi ana tafi. Yarinya ta rufe fuska da gyale, ta ranta a na kare. Ya dawo ɗaki ido jawur, wai ta ƙi shi.

Na ce, "Ba ƙin ka ta yi ba, kunyata ta ka yi. Mu a wurinmu ba yarinya ake durƙusa wa ba, iyayenta ake durƙusa wa. Ina magabatanka?"

Ya ce mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa tana ƙauye. Ya riƙe hannuna ya ce ni ne magabacinsa. Da ma ni mutum ne mai son a ba ni girma, ban yi gardama ba.

Ana haka labari ya zo cewa baffan yarinyar, ɗan kasuwa mai sarin takalma, zai shigo Naif, unguwar 'yan kasuwa ta birnin da muke. Mahaifinta ya ce masa ya duba yaron. In ya ce a ba shi, an ba shi, in ya ce a'a, magana ta mutu. Yarinyar ta kira ni. "Yaya, don Allah ka gyara mini shi kafin Baffa ya gan shi."

Na buɗe masa makaranta a ɗaki. Takalmi a bakin ƙofa. Ba a miƙa wa suruki hannu, balle runguma. Tsugunawa ake yi, ido a ƙasa. Kalmar so kuwa kada ta kuskura ta fito daga bakinsa. Babbar doka ita ce abinci: ko an yi rantsuwa, ba a ci gaban suruki. Nan ne ya yi tsalle. Wai a garinsu in dangin mace suka ajiye maka abinci ka ƙi ci, su ka ƙi. Na ce garinsu daban, shi 'yar Malumfashi yake nema.

Ranar Asabar da rana muka hau bene a wani ƙaramin masauki a Naif. Baffa dattijo ne siriri mai furfura, yana zaune bakin gado, kwalayen takalma sun kewaye shi har kusa da rufi. Turancinsa na ciniki ne, bai wuce nawa da rage mini ba, don haka ni ne tafinta. Mutumina ya cire takalmi, ya tsuguna kamar a Malumfashi aka yanke masa cibiya. Har wani alfahari na ji.

Baffa ya ce in tambaye shi me ya gani a wurin 'yarsu. Ɗalibina ya manta da darasi, ya shiga zuba, kansa a ƙasa: ba ya barci, zuciyarsa kaza, taurari kaza. Da ya kai aya na ce, "Baba, ya ce ya yaba da tarbiyyarta."

Baffa ya dube ni. "Duk wannan dogon zancen?"

"Turanci ne, Baba, kewaye gare shi."

Sai ga tuwon shinkafa da miyar kuka an kawo daga wurin wata mai abinci 'yar Najeriya, man shanu yana ƙamshi. Baffa ya tura wa mutumina kwano. Ya girgiza kai. Ya sake turawa, ya sake girgizawa, maƙogwaronsa yana sama yana ƙasa. Ashe tun jiya fargaba ta hana shi sa komai a ciki. Ga ƙafar da ba ta saba da tsugunno ba ta fara kaɗawa. Ya yunƙura zai gyara zama, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba, ya tafi da baya ya daki kwalaye. Takalman mata suka yi ta zubo masa a ka.

Baffa bai yi dariya ba. Ya ce, "Kai, gaya mini gaskiya, yaron nan yana da lafiya kuwa? Ba ya ci, ba ya tsayuwa, sai rawar jiki. 'Yarmu jinya take yi a wurin aiki, ba zan kai ta jinya a gida ba." Ya laluba aljihu ya ciro waya zai kira yayansa, mahaifin yarinyar.

Mutumina ya ga fuskata ta canza ya tambayi abin da aka ce, na gaya masa ba ƙari ba ragi. Sai ya ture takalman, ya miƙe ƙafafu a ƙasa, ya ɗaga kai ya dubi Baffa ido cikin ido, hawaye shaɓe-shaɓe, ya fara magana.

Baffa ya nuna ni da waya. "Wannan karon yadda ya faɗa za ka faɗa mini. Kada ka tace."

Haka na zauna, ƙato da ni, ina gaya wa dattijo maganar da ko a mafarki ban taɓa gaya wa mace ba. Lafiyarsa lau, yunwa ce da tsoro. Yana son 'yarsu, kuma kullum zai gaya mata, safe da yamma, ko ta gaji da ji. In ta dawo daga aikin kwana ƙafafunta a kumbure, shi zai dafa mata ruwa. Ba shi da uba, ya zo ne yana fatan ya samu. Ina fassarawa gumi yana keto mini, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Yana gamawa ya jawo kwano, ko cokali bai nema ba, ya gama da malmalarsa ya shiga ta Baffa.

Baffa ya zuba masa ido har ya suɗe kwano. Sannan ya danna waya, aka gaisa, aka tambayi gida da damina. Ya ce, "Yaya, na ga yaron. Kunya dai babu ko ta sisin kwabo. Amma a ba shi."

Ya ajiye wayar a kan gado, ya daɗe yana kallon takalman da ke warwatse. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tun ina saurayi nake tare da uwar 'ya'yana. Bara ta rasu. Ko rabin abin da yaron nan ya faɗa ban taɓa gaya mata ba."

Mutumina ya taɓo ni, bakinsa duk miya, yana tambaya me Baba ya ce. Na buɗe baki ke nan Baffa ya ɗaga mini hannu.

"Wannan kada ka fassara masa."